Ƙirga Gidaje Kafin Ka Ƙirga Kuɗin Inji

'Yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya zaga unguwar malamai ko ya ratsa ta G.R.A. a tsakiyar watan Agusta ya san irin yaƙin da masu gidaje suke yi da ciyawa. A yanke ta ran Asabar, kafin wata Asabar ta zagayo ta sake ɗago kai kamar ba a taɓa ta ba. Haka abin yake a harabar makarantu masu zaman kansu, da asibitoci, da otel-otel, da filayen da aka kewaye da katanga ba a gina ba tukuna. Wannan ya sa wasu daga cikinmu suka fara tunanin neman taro da sisi ta hanyar gyaran ciyawa a ranakun da babu lacca, kuma ni ina ganin tunani ne mai kyau. Wanda ya zauna gida wata takwas cur lokacin yajin aikin malaman jami'a na 2022 ba ya bukatar a yi masa wa'azin amfanin sana'a. Naira 20,000 da asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya ya ware wa kowane ɗalibi a wata lokacin da ya fara aiki a 2024 kuwa, kowa ya san inda takan ƙare kafin wata ya raba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne yadda nake ganin masu wannan niyya suna fara ta daga wutsiya. Da zarar mutum ya ƙudura, sai ya buɗe waya ya shiga kallon injuna, ya zaɓi wanda ya fi sheƙi, sa'an nan ya fara neman wanda zai ranta masa kuɗi. Ra'ayina shi ne, inji shi ne abu na ƙarshe da ya kamata ɗalibi ya saya, kuma in lokacin sayen ya zo, wanda ya dace da shi sau da yawa ba shi ne wanda ransa ya fi so ba. Zan kawo dalilaina, mai karatu ya auna.

Wani abokin karatuna, wanda ba zan ambaci sunansa ba don yana nan tare da mu, ya sayar da wayarsa, ya haɗa da wani ɓangare na kuɗin rajista, ya sayo injin turi na hannu na biyu a wani shago a cikin gari, da niyyar ya mayar da kuɗin kafin a rufe rajista. Aikin farko da ya samu fili ne na wani mai gini, ciyawa ta kai ƙugu, ga ɓaraguzan bulo da guntayen rodi a kwance ƙarƙashinta. Bai yi minti goma ba wuƙar ta doki dutse, sandar da take juya wuƙar ta tanƙware, injin ya ɗauki karkarwa kamar mai zazzaɓi. Makaniki ya ce gyaran ya kusa kuɗin injin. Mai shago ya ce an saya an saya. Sai da 'yan ɗakinsu suka yi masa karo-karo kafin ya yi rajista. Injin ba shi da laifi, don ba a ƙera shi domin irin wannan fili ba. Laifin na wanda ya sayi kayan aiki ne tun bai ga aikin ba.

Yana da kyau mu san asalin wannan inji, domin asalinsa yana faɗa mana inda zai yi aiki. Wani Bature mai suna Edwin Budding ne ya ƙirƙiro injin yankan ciyawa a Ingila cikin 1830, kuma ya samo dabarar ne daga wata na'ura da ake aske gashin yadin ulu da ita a masaƙa. Watau tun ran gini tun ran zane: an yi shi ne domin ciyawa mai laushi a kan ƙasa shimfiɗaɗɗiya, a ƙasar da ruwa yake sauka kusan duk shekara. Injin turi na yau, mai wuƙa guda da take juyawa a ƙasa, ya gaji wannan hali. Shi kuwa injin da ake ratayawa a kafaɗa, mai dogon wuya, wanda kansa yake ɗaukar zaren roba ko wuƙar ƙarfe, halinsa daban. Na zaren wani Ba'amurke ne, George Ballas, ya fito da shi a birnin Houston cikin 1971, bayan ya lura da yadda burushin wurin wankin mota yake bin jikin mota lungu-lungu. Shi wannan ba ya neman ƙasa mai kyau. Yana shiga gindin katanga, da bakin kwata, da tsakanin itatuwa.

To, mu dubi tamu ƙasar. Gidajen da aka dasa musu kirikiri aka daidaita ƙasa, ake ba shi ruwa rani da damina, 'yan kaɗan ne, kuma yawancinsu suna da mai lambu na dindindin. Mafi yawan aikin da ɗalibi zai samu ciyawar Allah ce wadda damina ta fito da ita: kyasuwa, da harƙiya, da ƙarangiya, da tofa, wani wurin ma har da gamba mai rufe mutum. Ƙasar kuwa ga tudu ga kwari, ga duwatsu, ga gidan tururuwa, ga kwalabe. Saboda haka in dai inji guda ne kuɗinka zai iya saya, na kafaɗa ya fi cancanta. Ya fi araha, mutum guda yana ɗaukarsa a kan babur ko cikin a-daidaita-sahu, yana shiga ƙarƙashin gado a ɗakin kwanan ɗalibai in an juye man da ke ciki, kuma yana yin aiki iri biyu in ka canja masa kai. Injin turi yana bukatar wurin ajiya da abin ɗauka, kuma kuɗin ɗaukarsa zuwa aiki da dawowa kaɗai yana iya cinye ribar ƙaramin gida.

Amma tun kafin wannan ma, akwai aikin da ba ya bukatar ko kwabo. Ka ɗauki littafi da biro ka bi unguwannin da ƙafarka za ta iya kaiwa daga makaranta, ka yi sallama, ka tambayi masu gidaje da masu gadi: wa yake yanke muku ciyawa, sau nawa a wata, nawa kuke biya, me yake ɓata muku rai da aikinsa? Ka auna filin da taku, ka rubuta irin ciyawar da irin ƙasar. In ka zaga gida talatin ka samu biyar da suka ce ka zo, to, kana da sana'a. In ba ka samu ko ɗaya ba, ka yi asarar tafin takalmi kawai, kuɗin rajistarka yana nan. Wannan littafi shi zai gaya maka injin da za ka saya, kuma ya fi kowane mai shago gaskiya, domin mai shago abin da ke kan kantarsa zai yaba maka.

Da waɗannan gidaje biyar ɗin kana iya farawa da kayan da kakanninmu suka sani. Langalanga wadda muka sha wuya da ita a makarantar kwana, da adda, da lauje, da fartanya, da manjagara, da almakashin shinge, da magagari na wasa su, da buhuna na kwashe ciyawa. Duka-duka kuɗinsu bai kai kashi ɗaya cikin goma na sabon inji mai kyau ba, maƙeran Panteka a Kaduna ko na kowace kasuwar gari suna yin yawancinsu, ba sa shan fetur, ba sa ƙin tashi da safe. Ko bayan ka sayi inji ba za ka rabu da su ba, domin inji yanka kawai ya sani. Abin da mai gida yake gani ya ce aiki ya yi kyau shi ne gefen hanya da aka daidaita, da shingen da aka aske, da tsakar gidan da aka share aka kwashe. In aiki ya fi ƙarfin hannu a watannin farko, akwai masu ba da hayar inji na yini. Haya tana da tsada in ta daɗe, amma makaranta ce mai arha: a cikinta za ka san litar fetur nawa fili kaza yake ci, da awa nawa yake ɗauka, da irin injin da yake jure wa hannunka.

Idan lokacin saye ya yi, shawarar farko ita ce ka fara zuwa wurin makaniki kafin ka je wurin mai sayarwa. Ka tambayi mai gyaran janareta na bakin ƙofar makaranta wane inji yake iya kwancewa ya ɗaura, kuma wanne ne ake samun fuloginsa da kafiretarsa da igiyar tayar da shi a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa ba tare da an aika Legas ba. Injunan kamfanoni irin su Stihl da Husqvarna da Honda suna da ƙarko, babu musu, amma kuɗinsu ya yi wa aljihun ɗalibi nisa, ga jabu da aka liƙa wa sunansu ya cika kasuwa. Na ƙasar Sin sun fi araha, kayan gyaransu suna ko'ina, sai dai ba su daɗewa. Hausawa sun ce araha ba ta ado, kuma gaskiya ne. To amma ga mai aikin Asabar da Lahadi a damina guda, inji matsakaici wanda ake gyarawa cikin awa biyu ya fi na ƙwarai wanda zai yi mako uku yana jiran ƙaramin ƙarfe daga nesa, domin ciyawa ba ta jira, mai gida ma ba ya jira. In na hannu na biyu ne, kada ka biya sai an tayar da shi a gabanka yana sanyi, ka ji ƙararsa, ka duba hayaƙinsa, ka sa shi ya yi yanka na minti goma sha biyar. Wanda aka riga aka ɗumama kafin ka iso yana iya ɓoye ciwonsa.

Sa'an nan ka san irin cikin injin. Yawancin na kafaɗa irin ƙaramin janaretan nan ne da ake haɗa wa fetur da baƙin mai wuri guda. Akwai wanda ake zuba wa kashi ɗaya na man cikin kashi 50 na fetur, watau mililita 100 a lita 5, akwai mai neman kashi ɗaya cikin 25, watau mililita 200 a lita 5. Abin da aka rubuta a takardar injinka shi za ka bi, da ma'auni, kuma da man da aka yi musamman domin irin wannan inji. Ƙiyasin ido shi ne ajalin yawancin waɗannan injuna: mai ya yi kaɗan, inji ya ƙone, ya yi yawa, fulogi ya toshe. Injin turi kuwa yawanci wurin baƙin mansa daban ne, ana juye shi bayan awa biyar na farko in sabo ne, daga nan kuma bayan kamar kowace awa 50 ta aiki. Matacin iska yana son wanki a kai a kai, balle a ƙasarmu mai ƙura. Fetur ɗin da ya kwana fiye da wata guda a tanki yakan yi danƙo ya toshe kafireta, saboda haka in za ka ajiye inji domin jarrabawa ko domin rani, ka juye man, ka bar shi ya ci sauran har ya mutu da kansa.

Na san wasu za su ce me ya sa muke maganar fetur alhali duniya ta koma batir? Maganarsu tana da tushe. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta kafa doka a 2021 da nufin daina sayar da sababbin ƙananan injunan fetur irin waɗannan daga 2024, kuma kamfanin Honda ya daina ƙera injin turi mai fetur a Amurka cikin 2023. A nan gida kuwa, litar fetur da take ƙasa da naira 200 kafin a janye tallafi ran 29 ga Mayu 2023 ta haura naira 1,000 a Abuja cikin Oktoba 2024. Injin batir ba shi da hayaƙi, ƙararsa kaɗan ce, ba ya neman baƙin mai ko fulogi. Duk na yarda. Sai dai a cikin wannan wata na Oktoba 2024 ne yawancin jihohin Arewa suka yi fiye da mako guda babu wutar lantarki. Batir guda ba ya kai yinin aiki a cikin ciyawa mai kauri, na biyu da na uku kuwa su ne rabin kuɗin injin, zafi yana rage musu rai, kuma mai gyaransu bai yawaita ba tukuna. Wanda yake da farantan hasken rana a gida, kuma gidajen da yake yi wa aiki ƙanana ne masu kirikiri, ya sayi na batir, zai ji daɗinsa. Wanda yake layin cajin waya a ɗakin kwanan ɗalibai ya dakata tukuna.

Akwai kayan da ɗalibai suke ɗauka ƙawa ce, alhali su ne na farko a jerin saye. Bakin wuƙar injin turi yana gudun da ya kusa kilomita 300 a awa, kuma tsakuwar da ta taso daga ƙarƙashinsa ko daga kan injin kafaɗa tana fasa gilashin mota, balle idon mutum. Ƙarar da ta wuce ma'aunin desibel 85 tana lalata ji in aka daɗe cikinta, injunan kafaɗa masu fetur kuwa sukan kai wajen 100. Cikin doguwar ciyawa akwai kasa da kububuwa, kuma duk wanda ya san dalilin da ya sa ake da asibitin masu saran maciji a Kaltungo ba zai shiga fili da silifa ba. Saboda haka tabarau mai kauri, da abin toshe kunne, da safar hannu, da dogon takalmi mai rufe ƙwauri, da wando mai kauri, a saye su tare da inji rana guda. In kuɗi bai kai duka ba, a fasa injin. Kafin ka tayar da shi, ka bi filin da sanda ka tsince duwatsu da waya, ka roƙi mai gida a shigar da yara ciki a kuma janye mota. Kada ka taɓa wuƙa sai ka cire wayar fulogi. Ɗalibin da ya rasa ido ko yatsu uku domin kuɗin gida guda, wace riba ya ci?

Wajen yankan kansa, inda aka dasa ciyawa ta ado akwai ƙa'idar da masu wannan sana'a suka daɗe da sani: kada a cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsawonta a yanka guda. Masu gidaje da yawa za su ce ka aske ta ƙwal don su daɗe ba su kira ka ba. Ka yi musu bayani cikin ladabi cewa askin ƙwal yana ƙona saiwa ya ba ayaaya da sauran ciyayi damar mamaye wurin. Wuƙa mai kaifi tana yanka, dakusasshiya tana yaga ganye ya yi ja a baki, don haka magagari abokin tafiya ne kullum.

Abu na gaba shi ne lissafin shekara, wanda a nan ne masu kwaikwayon abin da suka gani a intanet suke faɗuwa. A Kano da Zariya da Sakkwato ciyawa tana tashi ne daga wajen Yuni zuwa farkon Oktoba. Wata huɗu ne ko biyar, kuma a cikinsu akwai makonnin jarrabawa. Duk injin da ka saya dole ya biya kuɗin kansa cikin wannan ɗan lokaci, in ba haka ba zai kwana rani yana tsatsa kai kuma kana biyan bashi. Ka raba kuɗin injin da yawan ayyukan da littafinka ya nuna za ka samu a damina, ka ƙara fetur da mai da zare da kuɗin mota da ɗan abin gyara. In abin da ya rage a kowane aiki bai kai ladan yinin lebura ba, lokacin saye bai yi ba. Da rani kuwa kayan hannun nan su za su ci gaba da ciyar da kai: askin shinge, da sharar ganyen darbejiya da mangwaro, da ban ruwan furanni, da share busasshiyar ciyawa a gefen katanga kafin gobarar hunturu.

Muna kuma da wata gata da mai wannan sana'a a Turai ba shi da ita. Can ciyawar da aka yanke shara ce, wani lokaci har biya ake yi a kwashe ta. Nan kuwa kaya ce ta sayarwa. Masu kiwon tumaki da awaki a cikin gari suna sayen ɗanyarta, in ka shanya ta ta zama ingirici kuma tana daraja da rani. Wannan ma wani dalili ne na fifita lauje da wuƙar injin kafaɗa, domin suna kwantar da ciyawa da tsawonta, injin turi kuwa niƙe ta yake yi. Sharaɗi guda ne, kuma amana ce: ka tambayi mai gida ko an yi feshin maganin ciyawa ko na ƙwari a wurin. In an yi, kada ka kai wa dabbar kowa.

Saura magana guda wadda take damuna. A kowace unguwa akwai dattawa da samari da suka daɗe suna wannan aiki da adda da langalanga, da shi suke ci da iyali. Ɗalibin da ya shigo da inji ya karya farashi don shi neman na kati da sabulu kawai yake yi, ya cuci mutanen da ba su da wata madogara. Abin da ya fi shi ne a haɗa hannu. Su sun san gidaje, masu gidaje sun amince da su, suna nan ranar da kake ɗakin jarrabawa. Kai kuma kana da inji da lissafi da waya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Haka nan ɗalibai uku ko huɗu suna iya haɗa kuɗi su sayi inji guda, muddin sun rubuta tun farko wanda zai ajiye shi, da yadda za a raba kuɗi, da wanda zai biya in ya lalace a hannun wani. Abota da yawa ta mutu a kan abin da ba a rubuta ba.

Masu cewa wannan aiki bai dace da mai neman digiri ba, ba ni da doguwar amsa gare su. Roƙon kuɗin mota a bakin ƙofa ya fi shi zubar da girma. Ina dai kira ga Ƙungiyar Ɗalibai da ta duba ko za ta nemi hukumar makaranta ta ware wa ɗalibai wani yanki na gyaran harabar ɗakunan kwana, a biya su kamar yadda ake biyan 'yan kwangila, ta kuma samar da ɗaki guda mai makulli inda za a ajiye injuna da fetur nesa da inda mutane suke kwana. Wanda ya yi niyyar farawa a daminar bana kuwa, ya fara da littafi da biro tun yanzu, ya sayi manjagara da dogon takalmi, ya bar maganar inji sai gidaje sun fi ƙarfin hannunsa. Allah ya ba mai nema sa'a.